Na ɗora wa Gwaggona ciwon da ba ita ta sa ba

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga na zagi kaina.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, asalina wani ƙauye kusa da Matankari. Bara muƙamuƙin matata ya fara kumbura ta hagu, ba zafi, sai dai kullum ƙaruwa yake. Sati biyu kafin nan ta yi cacar baki da Gwaggo, ƙanwar babana, kan akuyar da ta ci mana wake. Ita Gwaggo ce ke riƙe da doguwar gidanmu, aljanar gado da ake yanka wa baƙar akuya. Ni da karatuna, wallahi ranar kasuwa na tsaya gaban kwaryar furarta na ce, "Ki janye abin da kika tura mata!" Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen furarta. Yara ma gudu suke in sun hango ta.

Da muka je Yamai aka ɗauki hoton ƙashin, aka gwada. Lokotoro, wato likita, ya ce mini, "Malam, kitse ne ya tsiro cikin ƙashin. Ba kansa ba ne, ba kasafai ake ganinsa ba. A cire, shi ke nan." Aka cire, kumburin ya tafi sarai. To da wane baki zan koma gida in ce kitse ne? Takardar da Faransanci take, ni kaɗai na iya karanta ta. Na ninke ta, na ce wa dangi addu'a ce ta karya abin. Matata ma haka ta ɗauka.

Ran Juma'ar da ta wuce sai ga Gwaggo a kan kabu-kabu, ta rame, ta kawo wa matata kunun gyaɗa tunda ba ta tauna sosai. Ta ƙi zama kan tabarmarmu. Ta ce, "Ɗana, ka yafe mini. Ban aiki doguwar ba, amma ƙila ta ji fushina ta tafi da kanta. Na daina fushi da kowa."

Kunya kamar in nutse. Na ce, "Ba komai, Gwaggo." Ni ne wai mai yafewa.

Takardar tana nan cikin jakata. A kasuwa na ɓata sunan Gwaggo, in kuwa na koma can na faɗi gaskiya, wa zai ƙara ba ni ɗansa in koyar? Me zan yi?