Jakar Tafiya Ɗaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ƙafar nan taki mai kumbura in kin wuni a kan keken ɗinki. Na rubuto ne saboda in na kira ki a waya mijina yana ji, kin san katako ne kawai tsakanin ɗakinmu da shagonsa.

Tun ranar da muka je sayen jaka ban sake gane mutumin da nake aure ba. Kin tuna duwatsun nan da ake hangowa daga ƙofar shagonsa in gari ya washe? Ya shigo da ƙurar katako a gashinsa ya ce zai hau su, tafiyar kwanaki, a ƙasa, shi kaɗai. Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe Kafintan nawa ma yana da irin zuciyar mazan cikin littattafai.

Shagon jakunkunan a saman bene yake, yana warin roba da sabon yadi, jakunkuna a rataye reras kamar mutanen da suka juya wa ƙofa baya. Mai shagon dattijo ne mai surutu. Ya hana mu taɓa komai sai da ya auna bayan maigidan, daga ƙashin wuya zuwa ƙugu. Ya ce jakar goyo ba launinta ake dubawa ba, zamanta a jiki ake dubawa, kuma nauyin a ƙugu ya kamata ya sauka, kafaɗa rakiya kawai take yi. Ya ɗauko babba, ya zuba mata ƙananan buhunan yashi, ya goya masa. Ya ja ɗamarar ƙugun, ya ƙara ja, har ta ƙure, jakar kuma sai zamewa take yi ƙasa.

Ya dube ni yana dariya: "Uwargida, ba kya ba shi abinci ne, ko ke kike cinyewa?"

Ni na yi dariya. Shi bai yi ba.

Aka sauko da ƙanana guda biyu. Ɗaya mai kauri, ɗinkinta ninki biyu, zif ɗinta kamar haƙoran zarto. Dattijon ya ce wannan sai ka gaji da ita ka bar wa ɗanka. Ɗayar kuma shara-shara, mai araha. Yaya, kin san halinsa. Mutumin da in za mu sayi bokiti sai ya kifa shi ya ƙwanƙwasa, wanda ba ya zama a kujera sai ya leƙa ƙarƙashinta. Ko juya mai kaurin bai yi ba. Ya ce, "Ba ni mai arahar. Tafiya ɗaya ce."

Dattijon ya ce, "Kowa haka yake faɗa, sai dutse ya shiga ransa."

Ya ce, "Ni dai ɗaya ce."

Tun daga nan ya daina karɓar sabon aiki. Ya gyara ƙofar banɗaki da na yi shekara ina mita a kanta. Ya ƙera mini kantar littattafai ban roƙa ba, har da gurbin waɗanda ban saya ba tukuna. Duk littafin da na karanta, in namiji ya yi shiru ya hau kyautatawa haka, tafiya zai yi ya bar matarsa. Ko gajiya ya yi da ni? Ki gaya mini gaskiya.

Ki gaishe da yara, ki shafa mini kan ƙaramin.

Ƙanwarki,
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa kuma tana nan da halinta. Direba ya kawo takardarki, na karanta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa.

Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Namijin da zai gudu ya bar mace turare yake saya da sabuwar riga, ba ya tsayawa gyaran ƙofar banɗaki. Wa ya gaya miki ana gajiya da mace a ƙera mata kanta?

Abin da ya tsaya mini daban ne. Ni na ɗinka kayan da ya sa ranar aurenku, ni na zagaya ƙugunsa da tef ina tsokanarsa cewa yadin ba zai isa ba. Mutumin da na auna, babbar jaka ce daidai shi, har ma a sassauta ɗamara. To ina sauran ya tafi?

Ki kifa littafin da ke hannunki, ko da saura shafi ɗaya a gane wa zai auri wa. Ki dubi mijinki. Ki dubi bel ɗin wandonsa. Ki dubi kwanonsa in ya tashi, ki lura ko ci yake yi ko tura abincin yake gefe da cokali. Ki dubi farin idonsa a hasken rana. Kada ki tambaye shi komai tukuna, don irinsu in an tambaye su sai su ce lafiya lau, su ɗauki guduma.

Ban faɗi haka don in tsorata ki ba, amma ni kaina ban ji daɗin maganar tafiya ɗayan nan ba. Ki rubuto da wuri.

Allah ya tsare. Ki gaishe shi, kada ki ce na ce komai.

Yayarki


Yaya,

Sallama da fatan alheri.

Na duba. Bel ɗin yana da sababbin huji, a jere, tsaf, irin aikinsa. Ni da nake wanke wandon ban taɓa lura ba.

Dattijon mai shago ya ce kafin tafiya a cika jakar da ainihin kayan da za a ɗauka, a yi ta hawa da sauka da ita har jiki ya saba. Jiya da la'asar ya zuba bargo da tukunya da gorunan ruwa, muka fita matakalar gidanmu. Ya ce in ja masa ɗamarar. Ina ja ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Duk da haka ya hau. Bai kai hawa na biyu ba ya zauna, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Maƙwabciyarmu ta sama ta zo wucewa da kwandon wanki, ta ce, "Kafinta, ƙaura za ka yi ba sallama? To ka gama mini teburina tukuna!"

Ya ce, "Yana nan, na gama, har na shafa mai." Ya yi mata murmushi har ta shige. Tana shigewa murmushin ya faɗi.

Na kwance ɗamarar, na sa hannu inda ta danne. Yaya, ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama akwai wani abu mai tauri. Ya riƙe hannuna a wurin, bai ture ba. Ya ce ya je asibiti tun kafin mu sayi jakar. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma kada a ɗau lokaci. Ya ce babansa da ƙafarsa ya shiga ɗakin aikin nan, aka turo shi a rufe. Shi ba zai kwanta a yanka shi kamar katako ba. Ya fi son ya ga abin da ke bayan duwatsun nan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallo, in ya dawo sai a yi maganar asibiti. Da ya ce "in ya dawo" bango yake kallo.

Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa yayansa ba, mai garejin nan, don ya san shi ɗaukarsa zai yi cak ya jefa a mota. Na yi alkawarin. Kuka nake yi, me zan ce?

Da za mu koma ɗaki na goya jakar don in rage masa. Sai ya ce in tsaya. Ya zagayo, ya ɗaga ta ta zauna a ƙuguna, ya ja igiyoyin kafaɗa, ya ɗaure ta ƙirji. Nauyin ya ɓace, Yaya. Na gwada hawa matakalar nan, kamar ba komai a bayana. Ya tsaya a ƙasa yana kallona, ya ce, "Kamar don ke aka ɗinka ta."

Sannan ya ce mu tafi tare. Ni in ɗauki jakar, shi ya riƙe sanda. Ya ce a can sama gajimare a ƙarƙashin ƙafa yake, kuma zan karanta masa littafina in mun zauna hutawa. Tunda muka yi aure bai taɓa yi mini magana irin wannan ba. Irinta nake nema a littattafai, yau ga ta a bakin mijina.

Na ce zan yi tunani. Amma kada in ɓoye miki, na riga na wanke takalmana.

Ki yi mana addu'a.

Auta


Auta ƙanwata,

Sallama. Ba ni da wasa yau.

Na san maganar ta yi miki daɗi, ni ma da aka yi mini ita a shekarunki da na wanke takalma. Amma masu rubuta littattafanki a kan dutse suke ajiye alƙalami, ba wanda yake rubuta saukowa. In ya zauna a can kamar yadda ya zauna a matakala, ya kasa tashi, babu mota, babu maƙwabciya mai kwandon wanki, a wace jakar za ki goyo shi?

Ki lura da abu ɗaya. Shi kaɗai ya kasa kai ta hawa na biyu. In babu bayanki babu tafiyar nan. Ya sani, shi ya sa ya roƙe ki.

Alkawarin kuma ke kika ɗauka, ba zan ce miki ba komai ba ne. Zai iya yin fushin da ba zai huce ba. Aikin ma ba wanda ya ce tabbas ne. Ni dai ba zan tsallake ki in kira yayansa ba, gidanki ne. Ina haɗa ɗinkunan mutane in sallame su in taho, amma ina tsoron ku riga ni tashi.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya.

Yayarki


Yaya,

Sallama. Takardarki ta same ni. Ya sa tafiyar gobe da safe.

Ɗazu yana shago na juye kayan a kan gado, na ninke bargon, na mayar da tukunyar kicin. Na kai jakar wurin dattijon. Ya jujjuya ta ya ce, "Uwargida, ba ta zauna ba ne?" Na ce ta zauna daidai. Ya dube ni, ya karɓa, bai ƙara tambaya ba.

Yanzu ina jin ƙarar zartonsa ta cikin katako. Bai sani ba tukuna. Ban san da wace fuska zai dube ni ba, ko zai sake dubana ma.

Ki taho, ki gaishe da yara. Daga shagon jakar garejin na wuce. Na gaya wa yayansa komai, na baro shi yana wanke hannu zai biyo ni da mota.

Auta