Mutanen Tsallaken Rafi Sun Fi Ƙuri'unsu Yawa

Zuwa ga masu neman wakiltarmu a Majalisar Dokokin Jiha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Sunana Saude, ungozoma ce ni a wani ƙauye da ke tsallaken rafi a mazaɓar Gwangwan. Na ga hotunanku sun fara fitowa a kasuwar Rogo, shi ya sa na ce bari in yi magana tun kafin ku iso.

Na farko. Bayan zaɓen da ya wuce, ni da mai unguwa da dattawa biyu mun je wurin wani jigon siyasa, muna roƙon a yi mana gada ko da ƙarama ce. Tun hantsi muke zaune a zaure har aka kira la'asar. Da ya fito, bai ko zauna ba. Ya buɗe takardar sakamakon akwatuna, ya ce wai ƙuri'un da muka kawo ba su kai na layi ɗaya a cikin gari ba. Mai unguwa, dattijon da a shekaru ya haife shi, ya sunkuyar da kai. Har yau abin yana ci mini rai.

Na biyu. Ranku ya daɗe, takardar sakamakon nan ba ta san mu ba. Ni na san mu. Yawancin matasan ƙauyen nan a hannuna suka faɗo, yanzu ga shi ina karɓar haihuwar matansu. Gidajen da a da suka tsaya a bakin masallaci sun miƙe har gonakin gyaɗa. Amma da rani ake zaɓe, lokacin da samarinmu sun tafi cin rani, maƙwabtanmu Fulani kuma sun yi kudu da shanu. Sai mata da tsofaffi. Akwatinmu yana wani gari mai nisa. Mai jego za ta taka, ko tsohuwar da gwiwa ta hana ta zuwa rijiya? Wasu ma ko katin ba su da shi, don ba a taɓa kawo rajista kusa da mu ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. A daminar bana naƙuda ta gardama wa Hassu, matar ƙanena. Da rana tsaka muka ɗora ta a amalanke, muka tarar rafi ya cika. Muna hango motar haya a tsallake, direba yana ɗago mana hannu. Kafin ruwa ya janye, abin da ke cikinta ya daina motsi. Ita ta tsira da ƙyar. Mun yarda da ƙaddara, amma gadar nan aikin mutum ce.

Roƙona gare ku shi ne, duk mai son wakiltarmu ya zo da damina, ya tsallaka da ƙafarsa, ya ƙirga gidaje. Ku tsaya mana a kawo rajista da akwati ƙauyenmu. Wanda Allah ya ba kujerar kuma, ya faɗi maganar gadar a zauren majalisa, mu ji a rediyo. Atamfa da sabulu, ku bar su a mota. Hassu ta ce in gaya muku har yanzu tana da na wancan karon.

Allah ya ba mu wakili mai tsoronsa, ya yi muku jagora, ya kare iyalanku daga irin ranar da muka gani.

Wassalam.

Saude Ungozoma,
Mazaɓar Gwangwan, Rogo.