Duba-gari a randata

Daren Laraba, Kura

Alhamdu lillahi, ba a rufe min sana'ar kwaɗon latas ba. Tunda amai da gudawa ya ɓulla, masu duba-gari ke bin masu sayar da abinci gida-gida. Yau sai ga su, har da jikana Habibu, angon nawa, yana wani leƙa min randa.

Ya ce, "Iya, ina kike wanke latas?"

Na ce, "A kanal ɗin noman rani mana. Ruwa mai gudu ai ba ya riƙe dauɗa."

Ya ce, "Can sama har shanu ke shiga. Daga yau ruwan burtsatse da gishiri, ko mu rufe."

Na yi mita, amma na bi. Da la'asar ya dawo ya share kwano guda.

Na ce, "Ango, ɗazu hukuma, yanzu kwaɗayi?"

Ya ce, "Bincike nake, Iya."