Lissafin da Malam Ya Bari a Kunne

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga ta'aziyyarki ta Malam, na gode. Shekara huɗu yana duba aikin digirina. Har yau in na shiga ofis sai in ga kamar zai leƙo, tabarau a goshi, yana cigiyar tabarau.

Kin sha yi mini tsiya wai aikina kallon kibiyoyi ne. Gaskiyarki. A kwamfuta muke kwaikwayon maganaɗisu: miliyoyin 'yan kibiyoyi, kowace tana bin maƙwabtanta. In da sanyi su fuskanci gefe guda, in zafi ya yi yawa kowace ta kama gabanta. Daidai inda suke juyawa Malam yake nema, kuma a nan lissafi ke tafiyar hawainiya. Wanda muka kunna ya yi wata biyar yana gudana, saura kwana goma sha biyu. Sai dai da sunansa yake a babbar kwamfutar jami'a, kuma ƙa'ida ce a rufe shafin mamaci a ƙarshen wata, nan da kwana tara. Na rubuta takardar roƙo a ƙara mana kwana uku kafin a rufe.

Matarsa ta ce in sakamakon ya fito in kai mata, ta ga sunansa ko da ba ta gane komai ba.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina gaishe ku duka, da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Ba a amsa roƙona ba, an rufe shafin Malam jiya da hantsi. Mai kula da injinan ya ce kada in damu, in ɗauko ajiyar ƙarshe in ci gaba a shafina, haka kowa ke yi.

Yaya, babu ajiya. Malam ya umarce ni in sa lissafin ya riƙa adana inda ya kai kullum. Da na ga jikinsa yana ƙara tsanani, sai na cire wannan umarnin daga cikin lissafin a ɓoye, don adanawar tana cin lokaci, ni kuwa so nake ya gani da idonsa. Garin neman gira na rasa ido. Ɗalibi kuma ba a ba shi injinan da za su maimaita wannan aiki.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Kunya da baƙin ciki sun hana ni cin abinci.

Ɗazu matarsa ta kira tana tambaya ko an gama. Na ce ina nan zuwa ranar Asabar. Don Allah ki lallaɓa ki zo ki raka ni, ni kaɗai ba zan iya buɗe baki a gabanta ba.

Taki har kullum,
Auta