Tsohuwar da Kuka Miƙa wa 'Yata

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Cibiyar Karatun Yamma ta yaran al'ummarmu a Greensboro.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kai da iyali da sauran 'yan kwamiti kuna lafiya. Sunana Rakiya, mahaifiyar Nusaiba, 'yar shekara bakwai da ke ajin ƙanana a cibiyarku. Mun yi magana a waya, ka ce in yi haƙuri in bar zancen tsakaninmu. Na gwada, na kasa. Shi ya sa na rubuto a fili, don iyayen da ke kai muku yara su ji abin da ka riga ka ji.

Na farko, yadda muka zo gare ku. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ba na tashi sai bayan magariba. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya. Da kuka buɗe cibiya a titin Gate City Boulevard kuka ce motar makaranta za ta riƙa sauke yara a ƙofa, a taya su aikin gida, a koya musu Alƙur'ani, na yi murna har na riƙa tallata ku a guruf ɗin mata. Maƙwabciyata Anti Hadiza, 'yar Kumasi, ita ke ɗauko min yarinyar in ta taso daga aiki, ni kuma in karɓe ta a wurinta.

Na biyu, abin da na fara gani. A watan Oktoban da ya wuce na karɓo Nusaiba da sabon kitso, ƙanana ƙanana, irin wanda ban taɓa gani a kan Bahaushiya ba. Kanta na ƙamshin wani mai da ba nawa ba. Na ɗauka aikin Anti Hadiza ne. Bayan kwanaki Nusaiba ta dawo da jar rigar sanyi wadda ta sha wanki, na ce ta wata yarinya ce a aji. Sai kuma na riƙa jin tana wanka tana rera wata waƙa a hankali, ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba kuma Larabcin da muka sani ba. Ran nan ina kicin na ƙwala mata kira ya fi a ƙirga, tana zaune kusa da ni tana zane, ba ta ɗago ba. Da na dafa kafaɗarta sai ta yi firgigit ta ce min, da Turancinta, ta manta ne, ai da sunan Salma Kaka take kiranta.

Alhaji, mahaifiyata ta rasu tun kafin a haifi Nusaiba. Surukata tana Funtuwa, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ba mu da wata kaka a ƙasar nan. Na tsaya riƙe da ludayi, yarinya kuwa ta ci gaba da zanenta.

Na sauka wurin Anti Hadiza. Ta ce ita ba ta taɓa kan yarinyar ba. Ta ce sau da dama in ta je ɗaukarta akan ce mata 'yan gida sun riga sun zo, sai ta ɗauka babanta ne ya dawo, tunda ba a jimawa yarinyar ke ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Na uku, amsar cibiyarku. Washegari na je. Ɗalibar jami'ar da kuka ajiye a ƙofa ta tarbe ni da fara'a, ta ce kakar Nusaiba mutuniyar kirki ce, ba ta da magana, tana dai tsayawa jikin gilashin ƙofa har a fito mata da jikarta. Na tambaye ta sunan matar. Ba ta sani ba. Na tambaye ta ko ta taɓa neman katin shaidarta. Ta ce a'a, ai da hijabi take zuwa kamar ni, kuma yarinyar da gudu take tafiya wurinta.

Na huɗu, abin da idona ya gani. Na ɗauki hutu a wurin aiki na riƙa zama a mota daga gefe. Wata Alhamis da la'asar sai ga ta. Ka san titin nan, ba wanda ke bin sa da ƙafa. Ita kaɗai ce a bakinsa, doguwar tsohuwa da hijabi ruwan toka, da silifa cikin wannan sanyi. Ta tsaya jikin gilashi ba ta ƙwanƙwasa ba. Aka buɗe, 'yata ta fito ta kama hannunta. Na fito daga mota na bi su a baya. Suka zagaya ta bayan wurin sayar da motoci, suka shiga cikin bishiyoyi, suka tsallake wani kwari mai ruwa a kan katako, suka ɓulla wasu tsofaffin gidajen haya.

Ƙofar gidan da suka shiga a buɗe take. Na yi sallama na shiga. A falo an ajiye ƙaramin faranti da ƙaramin kofi. A bango akwai hoton wata yarinya sa'ar Nusaiba, sanye da jar rigar nan da ke rataye a gidana. A kicin tukunya na kan wuta, babu komai a cikinta, ta yi baƙi tana hayaƙi. Tsohuwar ta amsa sallamata ba tare da mamaki ba, ta nuna min kujera, ta zaunar da 'yata tsakanin ƙafafunta ta fara tsefe mata kai tana wannan waƙar.

Maƙwabcinsu ne ya kira ɗan tsohuwar daga wurin aiki. Mutanen gabashin Afirka ne. Ya zo ya ga 'yata a hannun mahaifiyarsa, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce yarinyar da ke cikin hoton ita ce Salma, 'yarsa ce, rashin lafiya ta yi ta rasu shekarun baya. Kafin ku kama ginin cibiyarku gidan renon yara ne, kuma tsohuwar ce ke zuwa ɗaukar ta. Yanzu mantuwa ta kama ta, in ya fita sai ta sulale. Bai san ta sami wadda ake ba ta ba.

A hanyar gida Nusaiba ta faɗa min sauran. Ta ɗauka ni na turo matar, kuma ta ji daɗi don sauran yara suna da kaka. Ta ce in an gama kitso Kaka takan daɗe tana kallon fuskarta, sai ta tashi ta rako ta, ita Nusaiba ke nuna mata hanya. Ta ce wata rana Kaka ta zauna a bakin kwarin tana kuka ta ƙi tashi, sai ita ta tsallaka babban titi ta taho gida ita kaɗai.

Na biyar, abin da ka ce min. Ka ce a gode Allah ba abin da ya faru, a rufa wa cibiya asiri kada masu ba da tallafi su janye. Sannan kuka sallami ɗalibar. Yarinyar nan ita kaɗai kuka bar wa ɗaki cike da yara, ba wanda ya koya mata komai. Sallamarta ba ta gyara ƙofarku ba.

Ga abin da nake roƙo. Kada a sake miƙa yaro ga wanda iyayensa ba su gabatar da kansu ba, ko da rawani ya zo ko da hijabi. A sa manya biyu a ƙofa lokacin tashi. A tara iyaye a faɗa musu gaskiya da bakinka. Kuma kada kowa ya kira wa tsohuwar nan 'yan sanda. Da irinta nake wuni a wurin aiki, ba ta da laifi. Akwai wuraren da ke kula da tsofaffi masu mantuwa da rana, kwamiti ya taimaki ɗanta ya samo mata ɗaya.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, bayan kun tambayi yaro me aka koya yau, ku tambaye shi wa ya kama hannunsa, ta ina aka biyo da shi.

Na cire Nusaiba daga cibiyar. Amma ranar Talatar nan na wuce ta wurin da la'asar, na ga tsohuwar tsaye jikin gilashinku. A ciki sabuwar ɗaliba ce a ƙofa, wadda ba wanda ya ba labari, tana yi mata murmushi tana waiwayen yara don ta ga wace ce za ta taso. Ni na tsaya na mayar da tsohuwar gida. Gobe ina wurin aiki, Alhaji.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da ka ɗauka, ya tsare mana zuri'a, ya jiƙan Salma, ya sassauta wa kakarta.

Wassalam.

Rakiya, mahaifiyar Nusaiba