Damin Geron Kofur Mamman

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Hajara da yara. Ya jikin Ummi, ya zaman Legas? Mu nan garin Isa lahiya lau, sai kewarku.

Ka tuna Kofur Mamman na Burkusuma, wanda Baba, Sajensu, ya goyo daga bakin daga sadda aka harbe shi ga ƙafa? Tun da suka aje kaki, duk kaka sai ya kawo ma Baba damin gero. Na ɗauka bana ba ya zuwa, tunda Baba ya rasu, hanya kuma babu tsaro. Ran Laraba sai ga shi bisa babur da daminshi. Ya dogara sanda har zaure, ya tsaya gaban buzun Baba, ya ƙame, ya sara. Na ce, "Baba Kofur, ai da ka huta." Ya ce, "Ɗiyata, Saje bai sallame ni ba." Sannan ya tambayi babban ɗan Saje, na ce mashi kana Legas.

Ban bari an sussuke damin ba. Ka taho ka kwance shi da hannunka.

A riƙa sa Baba cikin addu'a. Inna na gaishe ku duka.

Ƙanwarka,
Hadiza