Wakalar Gidan Wakra

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Barira Uwais, matar marigayi Injiniya Ɗalhatu Gado, nake rubuta wannan da hannuna yau Lahadi bayan azahar, a gidan 'yata Bilqis a unguwar Mesaimeer, nan ƙasar Larabawa. Jikina ya yi rauni, amma hankalina ƙalau yake. Tun jiya na ƙi shan maganin nan mai sa barci, don kada gobe a ce magani ne ya yi magana. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bawansa ne, manzonsa ne.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Baballe da Bilqis da Sumaiya. Jibi Talata za a yi mini aikin zuciya, kuma likita bai ɓoye mini komai ba. Alhamis kuma ita ce ranar da aka tsayar don sa hannu a cinikin gidanmu na Wakra. Kwana biyun da ke tsakani su suka hana ni sukuni. Kun san ni, abu mai nauyi ba ya fita a bakina. Don haka gobe bayan magariba ku zauna ku uku, Sumaiya ta karanta, kada kowa ya tashi sai ta kai ƙarshe.

Na ɗaya, wakalar da ke hannun Baballe. Ni na ba ka ita don ka sa hannu a madadina. Ka sani, da numfashina take aiki. Muddin ina raye, hannunka hannuna ne. Idan Allah ya karɓi raina, ko da minti ɗaya ne kafin ka ɗauki biro, wakalar ta mutu tare da ni. Daga wannan lokaci gidan ya zama gado. Akwai haƙƙin ƙannenka a ciki, akwai na mahaifiyata, kakarku Hajiya da ke Kano, tunda tana raye.

Na san abin da zai zo maka a rai, don ni na haife ka. Za ka ce kwana biyu ne kawai, Umma da kanta ta amince da cinikin, takardar mutuwa ba ta kai ko'ina ba tukuna, wa zai sani? Za ka tuna cewa rabon gado a nan sai kotu ta tantance magada, sai an kawo takardu daga Kano an buga musu hatimi, abin da zai iya cin watanni. Za ka tuna aikinka ya ƙare, kana neman sabon kafil da zai tsaya maka a kan takardar zama, ga yara. Duk na sani, Baballe, ban raina damuwarka ba. Amma ban yarda ba. Idan na rasu, kai za ka kira lauya ka faɗa masa, kafin ka kira Kano. Idan la'asar ɗin ranar ta yi ba ka kira ba, Bilqis, ke ki kira. Kada ki yi masa faɗa, ki kira kawai.

Bari in gaya muku abin da ban gaya wa ko mahaifinku ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a ofishin lauya a Wakra, albarkacin Larabcin da na koya a zauren mahaifina. Aikina duba takardun cinikin gidaje: takardar mallaka, katin shaida, wakala, da ko gidan yana jingine a banki. Wata safiya wani saurayi ya shigo da wakalar mahaifinsa. Mahaifiyarsa ɗalibata ce a karatun mata, kuma tun ina cikin mota saƙo ya shigo wayata cewa tsohon ya rasu a daren. Yaron ya dube ni, ya gane na sani. Na sunkuyar da kai. Na ce a raina yaro ne cikin jimami, ba ni zan tona masa asiri a gaban mutane ba. Na jera takardun na miƙa.

Bayan wata takwas 'yan'uwansa mata suka kai ƙara, aka rushe cinikin, shi kuma aka tsare shi. Wadda ta sayi gidan da mijinta, Ajaratu 'yar Kumasi, na gan ta da idona tana fito da katifu cikin zafin Agusta, yara huɗu suna tsaye a bakin titi. Babu wanda ya taɓa tambayata ko na sani. Kunya na kira abin da na yi a lokacin. Yanzu na san tsoro ne. Shekara tara ina ɗauke da shi, ba na so ɗayanku ya ɗauki irinsa.

Na biyu, bangon ɗakin ƙasa. Ko na rayu ko na mutu, wannan magana tana nan. Duk wanda ya zauna a bakin teku ya san gishiri yana cin gini. Namu ya wuce na fenti. Mahaifinku ya taɓa nuna mini inda ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya fasa siminti, a bangon da ke kallon ruwa, ya ce sai an fasa an gyara. Allah bai ba shi lokaci ba. Watan jiya, Baballe, ka kawo masu fenti suka lulluɓe wurin, washegari ka kawo mai saye, Dakta Badaruddeen, ya ga gida. Na ji ƙamshin fentin, na sake yin shiru. Na kuma san dalilin gaggawarka: nan da 'yan makonni farin gishirin zai sake ɓullowa.

Ka san abin da ya fi damuna? Lauya ya shawarci Dakta ya kawo injiniya ya duba ginin, kamar yadda ake yi. Ya ƙi. Ya ce gidan Malama ne, wadda ta kai 'ya'yansa har sauka, ba zai kawo baƙo yana ƙwanƙwasa mata bango kamar bai yarda da ita ba. Wato da sunana ya saya. Don haka kafin Alhamis ka kai shi ɗakin da rana, ka ja kabad ɗin gefe, ka kankare fentin da wuƙa a gabansa. A rubuta aibin a cikin yarjejeniya, kowa ya sa hannu a gefensa. Idan ya rage farashi, khalas, shi ke nan, a rage. Idan ya fasa, a mayar masa da kafin alƙalaminsa cif, kada a riƙe masa komai da hujjar shi ya janye.

Na uku. Bilqis, tun ranar masu fenti ba ki yi wa yayanki magana ba. Gaskiyarki ce a kan bangon. Amma kin faɗa masa a gaban matarsa, kuma kin haɗa da abin da ba na bango ba. Ki ba shi haƙuri a kan wannan. Kai kuma kada ka jira, ka riga ta sallama. Ba na so a ɗauke ni zuwa ɗakin aiki ɗaya yana dama ɗaya yana hagu, kowa yana kallon takalminsa.

Na huɗu, abin da na bari. Babu wasiyya ga magaji, don haka ban ware wa ɗayanku komai ba, a raba yadda Allah ya raba. Daga cikin sulusin da nake da iko a kansa, a ba Ajaratu warwarona huɗu na zinariya. Tana Al Wukair yanzu, a gidan haya. Sau biyu ina zuwa har ƙofarta ina juyawa. Sumaiya, ke za ki kai mata, ki karanta mata abin da na rubuta a kanta, ki ce ina roƙon ta yafe mini. Idan ba ta yafe ba, kada ki matsa mata, haƙƙinta ne. Allunan yara da littattafan karatu a bar wa matan da za su ci gaba da makarantar. Kuma a rufe ni a nan inda aka rufe mahaifinku, kada a wahalar da kowa da jirgi.

Asalin takardar mallaka tana cikin jakar fatar mahaifinku, mabuɗin yana wurin Sumaiya. Maƙwabtanmu Malam Muttaka da Malam Rashad za su shaida sa hannuna a kan wannan wasiƙa a naɗe, ba za su karanta abin da ke ciki ba. Maganar gida ce.

Baballe, jiya lauya ya aiko mini da takardar soke wakala. Sa hannu ɗaya ya isa, da duk wannan dogon rubutu bai zama dole ba. Na riƙe biro na daɗe, sannan na ajiye. Sunan mahaifina gare ka, kuma kai ne na fari, shi ya sa tun da aka raɗa maka shi bai taɓa fita a bakina ba, sai sau ɗaya: ranar da muka je yin wakalar nan, ma'aikacin ya ce in faɗi sunan wakilina da baki. Na ce Umar Faruq. Ya tambaye ni ko na amince da kai, na ce na amince. Har yanzu ban janye ba.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga cin abin da ba naku ba, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, ku ma ku yafe mini. Ko an sayar da gidan Wakra ko ba a sayar ba, kada ku bar cin abincin Juma'a tare, a gidan wanda ya samu, ko da ɗaki ɗaya ne. Ku riƙa kiran Hajiya. Ku riƙe juna.

Mahaifiyarku,
Barira Uwais